Yadda ake ɗaura sarƙar roba a ƙananan samfuran tankokin yaƙi

Cikin tambayoyin da masu karatu suke aiko mini game da harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na filastik, babu wadda ta kai ta sarƙa yawa, kuma koke-koken kusan iri ɗaya ne: gam ya ƙi riƙe ta, ko ta gaza tsawo, ko ta tsaya a sanƙame sama da tayoyi kamar tsirkiyar baka, ko kuwa an ja ta da ƙarfi har gindin taya ya karye. Wannan bayani ya shafi sarƙar roba mai laushi da ake samu guda biyu a kwali, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, a samfuran ma'aunin 1/72 da 1/76, wato waɗanda aka ƙanƙanta girman tankar gaske sau 72 ko 76, irin na kamfanonin Airfix da Hasegawa da Trumpeter da Dragon da tsofaffin Matchbox, amma yawancinsa zai yi amfani ga mai aikin 1/48 ko 1/35.

Domin mu fahimci juna, filastik zan riƙa kiran abin da aka yi jikin tankar da shi, roba kuma ita ce sarƙar. Taya mai haƙora ita ce wadda take jan sarƙa, tana gaba a Sherman da Panzer IV da Panther da Tiger, tana baya a T-34 da T-55 da T-72. Tayar da take ɗaya ƙarshen zan kira ta tayar ɗaurewa. Manyan da suke taka ƙasa su ne tayoyin ƙasa, ƙananan da suke tallafe sarƙa daga sama a wasu tankoki kuma tayoyin sama.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar reza sabuwa ko wuƙar sassaƙa mai kaifi, da matsefata, da samfefa mai laushi, da allura siririya, da zaren ɗinki baƙi na nailan, da sufa-gulu, da gam ɗin filastik mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, da ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, da kyandir, da tsinken sakace, da fensir, da 'yar waya mai kaurin rabin milimita zuwa milimita ɗaya, da ƙaramin abin huda na hannu. Fentin da za a yi amfani da shi ya kasance akirilik, wato wanda ake sirkawa da ruwa. Yawancin waɗannan ana samunsu a shagon unguwa ko wajen tela da kuɗi kaɗan. Gam ɗin filastik da fenti ne kawai sai an yi odarsu ko an ba matafiyi sautu. Kwalin tankar 1/72 yakan kama daga dala 10 zuwa 25 a shagunan ƙasashen waje kafin kuɗin aiko shi, sarƙar musanya kuwa, ta ƙarfe ko ta rezin (wani nau'in filastik mai tauri), sau da yawa kuɗinta yakan kusanci na tankar kanta, shi ya sa nake ganin ya fi kyau mutum ya iya sarrafa wadda ta zo masa a kwali.

1. A gano irin robar

Wannan mataki ne yake yanke hukunci a kan duk abin da zai biyo baya. Akwai robar da gam ɗin filastik yake narkarwa ya haɗe ta, kamar sarƙar DS ta Dragon mai launin ƙasa-ƙasa da kuma sababbin sarƙoƙin Tamiya, akwai kuma tsohuwar roba mai santsi, baƙa ko ruwan azurfa, wadda gam yake zamewa a kanta kamar ruwa a bayan agwagwa. A yanko guntaye biyu daga reshen robar da sarƙar ta zo manne da shi, a ɗiga musu gam ɗin filastik, a haɗa su, a bar su minti goma. Idan sun manne, aiki ya zo da sauƙi. Idan sun rabu, a sake gwadawa da sufa-gulu bayan an ɗan goge fuskokin da samfefa. Idan shi ma ya ɓantare da an lanƙwasa, to da zafi ko da ɗinki za a haɗa robar.

Gargaɗi: kada a yi wannan gwaji a jikin sarƙar kanta, domin babu ta uku a kwali.

2. A wanke, a gyara gefuna

A wanke sarƙoƙin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a cuɗa su da tsohon buroshin haƙori, saboda maiƙon da yake kansu daga masana'anta shi ne yake hana gam da fenti kamawa. Bayan sun bushe a bi gefunansu da reza a yanke ragowar robar da ta tsattsafo. Samfefa ba ta cin roba mai laushi, sai dai ta tayar mata da gashi, don haka yanka ake yi, a kan katako ko gilashi, da reza sabuwa.

Idan sarƙar ta lanƙwashe a kwali, a tsoma ta cikin ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, kamar na shayin da ya ɗan huce, na tsawon rabin minti, a miƙar da ita a kan tebur, a danne da littafi har ta huce.

3. A ƙarfafa gindin tayoyi

Mutane da yawa sukan tsallake wannan, ni ma na tsallake shi a farkon aikina, har sai da na ga sakamakonsa. Na taɓa gama wata T-34, na ɗora ta a kan kanta ina jin daɗin kallonta, bayan mako guda a cikin zafin bazara na tarar tayar ɗaurewa ta gaba ta karkace ciki, sarƙa ta zame, gindin tayar ya tsage daga tushe. A wannan ma'auni, sandar da taya take zama a kanta ba ta fi kaurin tsinken ashana ba, roba kuwa ba ta daina ja ko da dare ko da rana.

A yanke sandar filastik ta taya mai haƙora da ta tayar ɗaurewa, a huda rami a daidai gurbinta, a zura waya ta ratsa jikin tankar daga wannan gefe zuwa wancan idan hali ya yi, a kafe ta da sufa-gulu daga ciki. Fil ɗin maƙale takardu da aka miƙar ya wadatar. Sai a manna tayoyin ƙasa, a ɗora tankar a kan gilashi a tabbatar dukkansu suna taɓa shi, a kuma kara rula a gefensu a ga sun yi layi ɗaya. A bar su kwana guda cur gam ya bushe. Taya mai haƙora da tayar ɗaurewa kuwa a saka su kawai ba tare da gam ba tukuna.

Gargaɗi: idan saman tankar da ƙasanta sassa biyu ne, kada a haɗe su yanzu. Tazarar da take tsakanin madigadi da tayoyi a 1/72 ba ta wuce milimita biyu ko uku ba, kuma zura sarƙa ta wannan ƙunci bayan an rufe sama wahala ce da za a iya kauce mata.

4. A gwada tsawo kafin a haɗa

A naɗa sarƙar a kan tayoyin ba gam, a riƙe bakunanta biyu da matsefata, a duba. Abin da ake nema shi ne bakunan su haɗu ba tare da an ja ba, har ma a sami ɗan rara. A nan ne ake sanin ko za a yi gyara, kuma gyaran da aka yi a wannan lokaci ya fi kowane sauƙi.

Idan ta gaza da milimita ɗaya ko biyu, hanya mafi tsafta ita ce a matsar da tayar ɗaurewa ta ɗan kusanci taya mai haƙora: a cire wayar, a sake huda rami kusa da na farko. Wannan bai saɓa wa gaskiya ba, domin a tankar gaske ma da wannan tayar ake ɗaure sarƙa ko a sassauta ta. Wata dabarar ita ce a yanke haƙoran taya mai haƙora waɗanda sarƙa za ta rufe, a bar na fili kawai, sai sarƙar ta kwanta sosai a jikin tayar a sami ƙarin tsawo. Wannan yana kuma magance matsalar ramukan sarƙa da ba su dace da tazarar haƙora ba, wadda ta yi yawa a tsofaffin samfura. Idan tankar tana da labulen ƙarfe a gefe, kamar Abrams ko Leopard 2, ana iya barin giɓin a sama a haɗa bakunan da zare, babu mai gani. Ana iya ɗan miƙar da roba a ruwan zafi, amma ba na son wannan hanya, saboda takan miƙe a wuri ɗaya ta sirance, kuma sau da yawa takan koma yadda take bayan 'yan kwanaki.

Idan ta yi tsawo, a matsar da tayar ɗaurewa ta ƙara nisa da taya mai haƙora, ko a yanke gaɓa ɗaya daga bakin da ba shi da ƙusoshin haɗi, a rage kaurin sabon bakin da reza domin ya hau kan ɗayan ba tare da ƙullutu ba.

Gargaɗi ga mai T-34: gaɓoɓin sarƙarta bi-da-bi suke, ɗaya mai ƙaho (ɗan tsinin da yake fuskar ciki ta sarƙa) ɗaya marar ƙaho, don haka bibbiyu ake yanke su. Tayar da take jan sarƙarta ma ba ta da haƙora, ƙahonnin ne suke shiga tsakanin fayafayanta biyu, sai a tabbatar an bar musu wurin shiga.

Kafin a cire sarƙar a duba zanen takardar bayani da hoton tankar gaske a ga inda zanen tafin sarƙar yake fuskanta, a sa alama da fensir a ciki. Sarƙar da aka ɗaura a juye tana daga kurakuran da ba a lura da su sai an gama komai.

5. A haɗa bakunan biyu

Idan robar mai karɓar gam ɗin filastik ce, a ɗora baki a kan baki, a taɓa da ɗigo ɗaya, a matse da matsefata na minti guda, a bar shi awa biyu. Ɗigo ɗaya nake nufi, domin gam mai yawa yana cinye siririyar roba ta tsinke a wurin.

Idan mai ƙusoshi ce, wato baki ɗaya yana da 'yan ƙusoshin roba ɗayan kuma yana da ramuka, a zura ƙusoshin cikin ramukan, a kwantar da mahaɗar a kan katako, a ɗumama bakin sukundireba a harshen kyandir na daƙiƙa biyar zuwa goma, a goge baƙin hayaƙin, a gwada a kan guntun reshe. Zafin da ake so shi ne wanda zai lotsa roba ba tare da ta yi hayaƙi ba. Sai a taɓa kan kowace ƙusa sau ɗaya ta baje kamar kan ƙusar kwano, a danne da yatsa mai ɗan ruwa. A yi wannan kusa da taga a buɗe, saboda hayaƙin robar da ta ƙone yana da illa ga ƙirji, kuma kada yaro ya yi shi ba babba a kusa. Tsofaffin sarƙoƙin Matchbox suna da ɗan harshe da ake zurawa cikin rami a murɗa, ba sa buƙatar wuta, sai dai mahaɗar takan yi kauri, a ɓoye ta da kyau.

Hanyar da na fi amincewa da ita, ko da an riga an yi ta zafi, ita ce ɗinki. Faɗin sarƙar T-34 a 1/72 kusan milimita 7 ne, ta Tiger mai faɗi kuma milimita 10, don haka ɗinki biyu sun isa, ɗaya a kowane gefe na ƙahonni. A huda da allura daga ciki zuwa waje, a sa zaren ya kwanta a cikin kwarin da yake tsakanin gaɓa da gaɓa domin kada ya fito fili, a zagaya sau biyu, a ƙulle daga ciki, a ɗiga sufa-gulu da bakin tsinke a kan ƙullin, a yanke rarar. Idan aka yi fenti, ko mai aikin sai ya nema kafin ya gane wurin. Wasu suna amfani da fil ɗin sitefula, yana da ƙarfi kuwa, amma a wannan ƙaramin ma'auni yakan yi girma, sai dai in labule zai rufe shi.

Gargaɗi: a guji gam ɗin masu gyaran takalma. Yana kama roba, amma sinadarin da yake cikinsa yana narkar da filastik ɗin tayoyi.

6. Fenti kafin ɗaurawa

A fente ƙasan tankar da tayoyinta gaba ɗaya, a bi da baƙi-baƙi a bakin tayoyin da suke da roba a gaske, sannan a shafa musu banish na akirilik, wato shafi marar launi mai kare fenti, musamman inda sarƙa za ta taɓa. Wannan shafi yana da dalili bayan kyau: wasu tsofaffin robobi suna fitar da wani maiƙo da yake narkar da filastik a hankali, cikin watanni ko shekaru. Na taɓa buɗe wani tsohon kwali na tarar sarƙa ta nutse a jikin murfin tankar ta bar zanenta kamar an buga hatimi. Fenti da banish su ne katangar da take raba su.

Ita sarƙar a rataye ta a kan tsinke, a yi mata shafi na farko siriri, a bar shi ya bushe, a bi da launin ƙasa mai duhu da ya karkata zuwa toka. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yana ɓarewa da an lanƙwasa. Ba a yi wa sarƙar tankar da take aiki jan tsatsa, tafiya tana goge ta kullum. Sarƙar Sherman mai tubalan roba kuwa tsakiyarta toka mai duhu ce, ƙarfen yana gefuna ne kawai.

Gargaɗi: fentin mai da tina da kananzir ba sa jituwa da wannan roba. Fentin mai yakan ƙi bushewa a kanta ya yi ta danƙo, tina kuma tana iya sa ta tsattsage, sarƙar DS ma ba ta tsira daga wannan ba.

7. A ɗaura

A fara ƙayyade inda mahaɗa za ta faɗa: ƙarƙashin tayar ƙasa ta tsakiya, ko a sama inda madigadi ko labule zai rufe. Kada ta faɗa a kan lanƙwasar gaba ko ta baya, inda ja ya fi yawa kuma ido ya fi sauka. A cire taya mai haƙora, a saka ta cikin zoben sarƙar haƙoranta su shiga ramuka, a rataya ɗaya ƙarshen a tayar ɗaurewa, a bi da ƙahonni tsakanin tayoyin ƙasa, sannan a tura taya mai haƙora kan wayarta. Da haka ba a ja sarƙa ta haye kan komai ba. Idan an ga sai an yi ƙarfi kafin tayar ta shiga, a tsaya a koma mataki na huɗu.

Idan komai ya zauna, a manna tayoyin biyu, sannan a ɗiga sufa-gulu da bakin tsinke a ƙarƙashin tayar ƙasa ta farko da ta ƙarshe, a ɗora tankar a kan gilashi, a aza mata ɗan nauyi kamar 'yan sulalla, domin sarƙar ta kwanta sosai a ƙasa ta kuma yi kusurwa inda take tashi zuwa tayoyin gaba da baya. Sarƙar da ta yi kumburi kamar ƙwai a waɗannan wurare ita ce take sa samfur ya yi kama da abin wasan yara.

8. A ba ta nauyi

Sarƙar gaske ƙarfe ce mai nauyin gaske, roba kuwa ba ta da nauyin da zai kwantar da ita, saboda haka mai aikin ne zai sa ta kwanta, kuma ba kowace tanka ce take so ba. Sherman da Abrams da Leopard 2 sarƙarsu a ɗaure take, a bar ta a miƙe. T-34 da T-55 da Panther da Tiger ba su da tayoyin sama, sarƙar tana saukowa ne ta kwanta a kan tayoyin ƙasa. Panzer III da Panzer IV da KV suna da tayoyin sama, sarƙar tana ɗan lotsawa a tsakaninsu. A nemi hoto ɗaya mai kyau na gefen tankar a ajiye a gaba.

Ga masu kwanciya a kan tayoyi, a ɗiga sufa-gulu a saman tayoyin tsakiya, a danna sarƙar, a aza saman tankar ba gam a riƙe shi, a cusa guntun soso tsakanin sarƙar da madigadi ya riƙe ta har gam ya kama, a bar gaba da baya su yi lanƙwasa mai laushi zuwa manyan tayoyin ƙarshe. Idan robar mai ƙin gam ce, a ɗaure ta da zare: a zagaya shi ta bayan taya, kusa da jikin tanka, ya bi ta kan sarƙar a cikin kwarin gaɓa, a ƙulle a ƙasa. Ga masu tayoyin sama, a huda jikin tankar a tsakanin kowace taya biyu, ɗan ƙasa da layin sarƙa, a zura 'yar waya ta fito ta danne sarƙar daga sama, a yanke ta kafin ta kai bakin waje, a fente ta da launin sarƙa.

A kula da ƙima. Lotsawar milimita ɗaya a 1/72 daidai take da santimita 7 da ɗoriya a tankar gaske, don haka rabin milimita zuwa ɗaya ya isa tsakanin tayoyin sama. Wanda ya wuce haka ya nuna tankar da sarƙarta take gab da zamewa.

Gargaɗi: kada a yi amfani da auduga wajen cusawa, domin sufa-gulu idan ya haɗu da auduga yana yin zafi har ya yi hayaƙi. Haka kuma tururinsa yana barin farin hazo a kan fenti, sai a sa kaɗan, a bar tankar a fili, kada a rufe ta cikin kwali kafin ya bushe.

9. Gyaran ƙarshe da ajiya

A bi wuraren da fenti ya ɓare da siririn buroshi. A goga bakin fensir mai laushi a kan tudun gaɓoɓi da ƙahonni da haƙoran taya, zai ba su ƙyallin ƙarfen da ya sha tafiya. Idan ana son ƙura, a tankaɗe busasshiyar ƙasa da ƙyalle, a dama da ruwa da ɗigon farin gam na kafinta, a shafa a kwarin sarƙa da tayoyi tare domin su zama launi ɗaya. Jar ƙasarmu ta dace da T-55 ko T-72 da aka yi wa fentin rundunonin Afirka, kuma tana rufe zare da mahaɗa. Bayan haka ne za a haɗa saman tankar da ƙasanta.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan roba. Kada a ajiye tankar a bakin taga inda rana take bugawa, ko a cikin mota, ko a saman kabad kusa da rufin kwano, kuma a rufe ta da akwatin gilashi ko na filastik saboda ƙurar hunturu, wadda take manne wa roba fiye da sauran jiki. Kwalayen da ba a kai ga harhaɗa su ba kuwa, a buɗe su tun ranar da suka iso, a cire sarƙoƙin, a miƙar da su, a naɗe su cikin farar takarda daban da sauran sassan kafin a mayar da su ciki.